Yadda Ake Shirya Yaro Shiga Jami'a: Daga Fitowar Suna Zuwa Sakamakon Farko

Ranar da sunan babbar 'yata ya fito, mahaifiyarta har waina ta soya aka raba wa maƙwabta. Ni kuma da na shiga masallacin unguwa da la'asar sai barka ake yi mini, kamar ni na zauna jarrabawar. Bayan kwana biyu murna ta lafa, muka kalli juna: to, ta ina za a fara? Yanzu yara uku na raka, biyu nawa, ɗaya ɗan ƙanena, kuma kowanne ya koya mini abin da na gabansa bai koya mini ba.

Abu guda nake so iyaye su riƙe tun daga nan. A sakandare akwai ƙararrawa, akwai malamin da ke tsaye a bakin get da bulala, akwai shugaban makarantar da zai aiko a kira uba in yaro ya yi fashin kwana uku. A jami'a babu ko ɗaya. Yaro zai iya shafe wata bai leƙa aji ba, ba mai buga muku waya. Don haka duk shirin da za ku yi, ku yi shi yadda kayan zai riƙa sauka daga kanku yana komawa kansa sannu a hankali. Kuna gefe kuna kallo, amma hannunsa ne ke aikin. In na ce yaro, har da yarinya nake nufi.

Da farko, a tabbatar gurbin na gaske ne

Ganin suna a jerin da ke yawo a WhatsApp ba shi ne samun gurbi ba. Tun 2017 hukumar JAMB ta mayar da harkar ba da gurbi kan shafinta da ake kira CAPS, kuma gurbin da bai bi ta nan ba, a wurin hukuma babu shi. Ko BUK ce, ko Northwest, ko jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, ko ABU Zariya, ko ta tarayya da ke Dutse, har da jami'o'in kuɗi, ƙofar ɗaya ce.

Ku sa yaron ya shiga shafin da kansa kuna zaune. In an ba shi gurbi zai ga sunan jami'ar da kos ɗin, da inda zai danna ya karɓa ko ya ƙi. Akwai wa'adi, kada a yi sanya. Bayan ya karɓa sai ya cire takardar shaidar gurbi ta JAMB da ta sakamakonsa. In kuwa an ji shiru alhali makinsa ya kai, abin da za a fara dubawa shi ne ko an ɗora sakamakon WAEC ko NECO ɗinsa a shafin. Yara da yawa suna cike fom kafin sakamakon ya fito, in ya fito kuma ba sa komawa cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora musu. Ɗan ƙanena saura kaɗan ya yi asarar shekara a kan wannan.

Layin wayar da aka yi rajista da shi da imel ɗin, a killace su kamar takardar gida. Sau da yawa mai kafe, wato shagon intanet, ne ke buɗe wa yaro imel, lambar sirrin kuma ta zauna a wurinsa. A je a karɓo, a canza.

Sai batun "mai hanya". A kowace unguwa akwai wanda ya san wani da ya san wani a ofis. Wanda ya shiga ta bayan gida, ko da ya kammala, sunansa ba zai fito a jerin JAMB da hukumar NYSC ke dubawa kafin kiran hidimar ƙasa ba. Kuɗi ya tafi, shekaru sun tafi.

Kafin a danna karɓa, a zauna a yi maganar kos. Kusan kowane gida a Kano likita yake so, ko lauya, ko injiniya, guraben kuma ba su da yawa. Yarinya ta nemi likitanci an ba ta kimiyyar halittu, sai uba ya ce ta karɓa, daga baya a canza. Canjin kos yana yiwuwa a wasu wurare, amma da sharuɗɗa masu tsauri, kuma ba alkawari ba ne. Ku tambaye ta: in canjin bai yiwu ba, za ki iya zama da wannan shekara huɗu? In ta ce eh da zuciya ɗaya, a karɓa. In ta yi shiru tana wasa da gefen hijabi, to maganar ba ta ƙare ba. Kuma ku sani, da zarar an karɓa, wata makarantar ba za ta ƙara ba shi gurbi a shekarar ba.

Na biyu, takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku baza duk takardun yaro a kan tabarma: sakamakon WAEC ko NECO, takardun JAMB, shaidar haihuwa, shaidar asalin ƙaramar hukuma, shaidar kammala firamare da sakandare, da takardar NIN. Ku bi suna harafi bayan harafi, ku bi ranar haihuwa.

A nan mu Hausawa muke shan wahala. A takarda ɗaya Muhammad, a wata Mohammed. A nan Aisha, can Aishatu. A firamare sunan uba aka sa, a sakandare aka ƙara sunan gari, Gwarzo ko Ɗambatta ko Bichi, a NIN kuma sunan kaka ya shigo. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin tantancewa da kwamfutarsa ba su san haka ba. In kun ga saɓani, ku fara gyara yanzu, a hukumar da ta yi takardar, ko a yi takardar rantsuwa a kotu inda hakan ya wadatar. Gyaran da aka bari, ranar neman bashin karatu ko ranar kiran hidimar ƙasa zai tare hanya.

A yi fotokwafin kowace takarda kamar biyar, a wanke fasfo da yawa, a ɗauki hoton kowacce a tura imel ɗin yaron da na wani babba a gida. Na asali za a tafi da su tantancewa, da an gama su dawo gida. Hostel ba ma'ajiyar takardun asali ba ce.

Na uku, kuɗi

Ku samo jadawalin biyan kuɗi daga shafin jami'ar kanta, kada ku dogara da bakin wani. Jami'o'in tarayya galibi ta Remita, wani shafin biyan kuɗi, ake biyansu: yaro ya cire lambar biya da ake kira RRR daga shafin makaranta, a biya a banki ko ta waya, a cire rasit. Ba a tura kuɗin makaranta asusun wani mutum, ko wane ne. Rasit kuwa a adana har ranar karɓar shaidar kammalawa, don a lokacin tantancewar fita ana iya neman na shekarar farko.

Kuɗin rajista shi ake gani, amma ba shi ke karya uba ba. Masu karyawar ƙanana ne: kuɗin karɓar gurbi, na hostel, na sashe, fotokwafi, data, kuɗin mota, rigar ɗakin gwaji ko kayan zane ga masu wannan fanni. Ku rubuta su a takarda tare da yaron, ya ga jimillar da idonsa. Yaron da ya ga abin da aka kashe a kansa, ba kasafai yake wasa da lakcar safe ba.

Ga waɗanda abin ya fi ƙarfinsu, akwai asusun bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, na ɗaliban makarantun gwamnati. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, sannan da aka fara shirin an sa naira 20,000 a wata ga ɗalibin da ya nemi kuɗin kashewa. Tambayar da kowane uba a Kano ke fara yi ita ce ta riba, kuma babu ruwa a kansa. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ana buƙatar lambar JAMB, NIN, BVN da bayanan ɗalibi na makaranta, kun ga dalilin daidaita suna. Amma bashi ne, a wuyan yaron yake, don haka da saninsa da yardarsa za a nema. A kuma riƙa bibiyar sanarwar hukumar ba da tallafin karatu ta jiha.

Ku buɗe masa asusun banki da sunansa. Sannan ku yi masa gwaji tun yana gida: ku ba shi kuɗin mako guda, ku ce na mota da kati da 'yan buƙatu ne, kada ya dawo sai Juma'a. Ɗana ranar Talata ya dawo yana sosa ƙeya. Gara ya koyi wannan darasi a gida inda tuwon dare ke jiransa. In ya tafi, ku sa ranar turawa tsayayya, ku fara da mako biyu-biyu, in ya nuna riƙo a koma wata-wata. Ko kaɗan ne, wanda aka san ranar zuwansa ya fi mai yawa da ba a san ranarsa ba.

Ku kuma sa yajin aiki a lissafi. A 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kuɗin haya bai tsaya ba, shekarun yara ba su tsaya ba. Yaron da ke da abin yi, ɗinki ko gyaran waya ko tsaron shago a Kantin Kwari ko komawa hadda, shi ya fita daga wannan zama da sauran kuzarinsa.

Na huɗu, ina zai kwana?

Mu da ke cikin birni muna ganin an huta, tunda ga jami'a a gari sai a yi jeka-ka-dawo. Ku gwada hanyar tukuna. Wata safiya ku fita da yaron daga gida kamar yana da lakcar ƙarfe takwas, ku hau A Daidaita Sahu, ku ga minti nawa da naira nawa. Mai fitowa daga Hotoro ko Kurna zuwa sabuwar BUK a titin Gwarzo, ya bi ta cunkoson Kabuga, ba tafiyar wasa yake yi ba. Ku ninka kuɗin motar sau kwanakin zango, ku gwada da kuɗin hostel. Wani lokaci kwana a makaranta ya fi sauƙi.

In zai zauna a gida, to gida ma sai ya canza. Ba zai yiwu yarinya tana da gwaji gobe ba, kuma ita ce mai tuwon dare, ita ce mai wanke-wanke, ita ce mai raino. Ba zai yiwu a riƙa aiken saurayi kasuwa ranar da yake da lakca ba. A raba aikin, a ware musu lokaci da kusurwar karatu.

Gadon hostel bai kai yawan masu nema ba, mai saurin kammala rajista shi ke samu. Wannan ma dalili ne na biya da wuri. In haya za a kama, a Danbare ko Rijiyar Zaki ko Janbulo, ko kusa da makaranta a Wudil ko Samaru, kada a biya ta waya. Ku je da ƙafarku. Ku duba ruwa, ku duba ƙofa da makewayi, ku tambayi su wa ke ɗakunan gefe, ku gaisa da mai gidan da limamin layin. In da hali ku koma bayan magariba, don layin da ke shiru da hantsi wani abu ne daban da dare.

Na biyar, kaya da girki da lafiya

Kada a yi sayayya kamar ta kayan ɗaki. Ɗakin hostel na mutane da yawa ne, kuma kaya mai ɗaukar ido shi ke fara yin ƙafa. Bokiti biyu, zanin gado, bargo don sanyin Disamba, gidan sauro, kwaɗo mai kyau, fitila mai caji, 'yar tukunya da kwanuka, duk za a samu a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari. A tambayi ƙa'idar hostel kan risho da tukunyar gas da na'urar dafa ruwa kafin a saya. A kuma duba dokar sutura ta makarantar kafin a kai ɗinki. Waya mai matsakaicin kuɗi ta isa. Kwamfuta a jira a ga ko kos ɗin na buƙata.

Abinci mai jure ajiya: shinkafa, wake, taliya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, yaji, busasshen tumatir, in da hali ɗan dambun nama. Amma kayan abinci ba su da amfani a hannun wanda bai iya hura wuta ba. Iyaye mata, ku shigar da samarin nan kicin. Garau-garau, dafa-duka, taliya da manja, shayi da ƙwai: in ya iya huɗun nan ba zai kwana da yunwa ba. Wanki da guga ma haka.

A san rukunin jininsa da jinotayif. Mai sikila ko asma ko gyambon ciki ya tafi da maganinsa, ya yi rajista a asibitin makaranta a makon farko, abokin ɗakinsa ɗaya kuma ya san halin da yake ciki. Ku tambayi likita kan rigakafin ciwon hanta da na sanƙarau, don cunkoson ɗaki da zafin bazarar Kano ba sa haɗuwa da daɗi.

Na shida, ku koyi lissafin maki, ku koya masa

Wannan shi ne matakin da iyaye suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi ciwo daga baya. A yawancin jami'o'inmu maki 70 zuwa sama A ne, darajarsa 5. Daga 60 zuwa 69 B, 4. Daga 50 zuwa 59 C, 3. Daga 45 zuwa 49 D, 2. Daga 40 zuwa 44 E, 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, sifili. Kowane kos yana da nauyinsa, 2 ko 3 ko makamancin haka. Ana ninka daraja da nauyi, a tara, a raba da jimillar nauyin. Abin da ya fito, in aka haɗa zango da zango, shi ne CGPA. Daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama.

Ɗauki biro. Yaro ya yi kos biyar, kowanne nauyi 3, jimilla 15. Ya ci B a huɗu, ya faɗi ɗaya: 48 a raba da 15, ya tashi da 3.2. Da a ce C kawai ya samu a wanda ya faɗi, 57 ke nan, ya tashi da 3.8. Kos guda ya sauke shi daga wani mataki zuwa wani, sannan ga keri-oba, wato maimaita kos ɗin da ya faɗi, da zai ɗauka a baɗi a kan sababbin kwasa-kwasai. Makin aji ɗaya yana bin ɗalibi har ranar fita, kuma a aji ɗaya ne yara ke shagala da sabon 'yanci.

Ku faɗa masa abu huɗu. Gwaji da aikin gida suna da kaso 30 ko 40 cikin 100, wanda ya zubar da su ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya. Jami'o'i da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin 100 na lakca. Rajistar kwasa-kwasai shi zai yi da kansa, bayan ya ga malamin da ke kula da ajinsu, ba mai kafe ba, domin kos ɗin da ba a yi wa rajista ba ko an ci ba a lissafa shi. Sai satar amsa: 'yar takarda ko waya a aljihu a ɗakin jarrabawa tana iya jawo kora, kuma a wannan ba a zuwa da dattijon unguwa ba da haƙuri.

Na bakwai, zaman da ba a so a yi

Kunya ta hana mu faɗa wa 'ya'yanmu abubuwan da titi zai faɗa musu ba kunya. In uba ba zai iya ba, a sa kawu ko yaya. Yarinya kuma uwa ko gwaggo. Kada ya zama wa'azi, hira ce, kuma a kira abu da sunansa.

A yi maganar ƙwaya. Gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi tun 2018, amma shaye-shaye bai bar gari ba, kuma yakan fara ne da "sha wannan, ba za ka ji barci ba, karatu zai zauna". A yi maganar cacar ƙwallo ta waya, wadda ke cinye kuɗin rajista a dare ɗaya. A yi maganar ƙwacen waya: in an tare ka da makami, miƙa, waya ana sayen wata. A yi maganar masu kiran yara tarukan ɓoye da sunan addini ko ƙungiya. Masallacin makaranta da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN a fili suke, duk abin da aka ce kada ka faɗa a gida kuwa, ranar nan za a faɗa a gida.

Ga 'ya mace, abin da matata ta faɗa wa tamu na riƙe. Ta ce: "In wani, malami ne ko ɗalibi, ya nemi abin da bai dace ba ko ya yi miki barazana da maki, ni za ki fara kira. Kada ki goge saƙonsa. Kuma na yi miki alkawari ba za a ce ki bar makaranta a kan laifin wani ba." Jimlar ƙarshen nan ita ce ginshiƙi. 'Yan mata da yawa suna haɗiye irin wannan ne don tsoron kada a ce to dawo gida a yi miki aure. Kowace jami'a tana da ofishin kula da harkokin ɗalibai, can ake kai ƙorafi a rubuce.

Namiji ma a faɗa masa: 'yar mutane da ke ajinku, yadda kake so a riƙe ƙanwarka haka za ka riƙe ta.

Ranar kai shi, da abin da ke biyo baya

Ku raka shi, amma ku bar shi ya shiga layi, shi ya yi tambaya, shi ya miƙa fayil. Ku ga ɗakinsa, ku gaisa da abokan zamansa, ku karɓi lambar ɗaya. In wani gari ne, ku haɗa shi da babban da kuka yarda da shi, ɗan uwa ko tsohon aboki, wanda zai iya isa wurinsa cikin awa guda. Ya haddace lambobin gida biyu a ka, saboda ranar da waya za ta ɓace. Ku yi masa addu'a, ku juya. Hawayen Umma a bari sai an shiga mota.

Waya sau biyu ko uku a mako ta isa. Kuma "ya karatu?" amsarta kullum "alhamdulillahi" ce. Ku tambayi abin da ke da amsa: wane kos ne ya fi ba ka wuya, me ka ci da rana, da wa kake karatu, yaushe za a fara gwaji?

In sakamakon farko ya fito, ku ce ya buɗe shafin a gabanku, ko ya turo hotonsa. Tun kafin ya tafi za ku shaida masa haka za a riƙa yi, don kada ya ɗauka tuhuma ce. 'Yata ta faɗi kos ɗin lissafi a zangon farko, ta yi mako biyu tana cewa bai fito ba. Da ta nuna mini tana kuka, "Abba, wallahi na yi karatu," na haɗiye faɗan da ke bakina, na ce ta ɗauko takarda da biro. Muka lissafa inda take, da abin da take buƙata a zango na biyu don ta koma sama da 3.50. Ta samu wata 'yar aji uku da ke yi musu bita ranar Asabar, na ƙara mata kuɗin motar wannan rana. Da shekara ta zagayo, kos ɗin da ta faɗi shi ta fara sawa a rajista kafin sababbin, kamar yadda ƙa'ida ta ce, ta ci B.